Aski a Ranar Cika Baki

Tun asuba ake yayyafi a Rotterdam,
irin wanda ba ka sanin ka jiƙe sai ka isa gida.
A shagon Soufiane an kashe rediyo,
an ƙure muryar talabijin da ke saman madubi.
Mutum tara, kujera huɗu.

Ga su can bayan dogon tebur,
gorunan ruwa a jere, ba wanda ya taɓa.
Jurre Terpstra, kilo ɗari da ashirin,
wuyansa ya fi cinyata kauri,
ya jawo makirufo kamar zai gatsa:
"Ranar Asabar zan sassare masa ƙafafu da shuri,
ya koma gida da rarrafe."

Shago ya kaure.
Marinus, da ya shekara talatin yana sauke kaya a tashar jiragen ruwa,
ya doki gwiwa har kofinsa ya fantsama:
"Haka maza ke magana!"
Ravindra, direban jirgin cikin gari, ya ja tsaki:
"In ganga ta cika zaƙi, Marinus, ka san abin da ke biyo baya.
Numfashin wannan zagaye biyu ne,
a na uku sai haki, kamar tsohuwar bas a kan gada."
"Sa kuɗi."
"Yuro hamsin."
Soufiane ya karɓe, ya danne da kwalbar man gashi.

Sai kyamara ta juya kan Delano.
Baƙin tabarau, ɗamarar zakara a kafaɗa.
Ya yi shiru har 'yan jarida suka soma gyaran murya,
sannan ya ce, "Na ji. Asabar ba nisa."

Yaran nan biyu na bakin ƙofa suka daka tsalle.
"Ka ga idonsa? Wuta!"
"Wane ido? Yana cikin gilashi."
"To, ni dai na gani."

Aka tsayar da su goshi da goshi.
Wani ya ture wani, ban ga wanda ya fara ba,
tebur ya kife, masu tsaro suka rufa,
gora ɗaya ta gangara har gaban kyamara.
"Shiri ne," in ji Ravindra, "tikiti suke sayarwa."
Amma shi ma a tsaye yake,
hularsa a dunƙule cikin hannu.

Ni kuwa reza ce a hannuna.
A ƙarƙashinta, tsoho Humphrey,
mai zuwa duk Alhamis da ƙarfe huɗu,
rabin fuska kumfa, rabi fes.
Bai sa ko sisi ba. Bai ɗaga kai ba.
Ta madubi yake kallo, komai a juye.

Ya ce, can ƙasa-ƙasa,
"Ya ja kunnensa."
Na ce, wa?
"Delano. Na hagu. Kafin ya yi magana.
Tun yana shekara shida,
in zan kai shi cire haƙori, haka yake yi.
Sai ya ce, Baba, ba tsoro nake ji ba."

Na tsaya da reza a sama.
Shekara uku ina masa aski,
hirarmu ba ta wuce tsadar haya da ciwon gwiwa ba.

"Ya aiko min tikiti, layin gaba.
Maƙwabcina zan ba.
Ni Asabar bakin kogi zan bi,
in je gada in dawo, in je in dawo,
har wayata ta yi ƙara."

A bayanmu Marinus na rantsuwa
sai an fitar da yaron nan a kan gadon asibiti.
An maido turereniyar karo na biyar, a hankali,
ana ta ihu kamar yanzu aka fara.

Humphrey ya lumshe ido, ya miƙa min wuya.
"Ƙarasa, ɗana.
Ka dai bi a sannu wajen maƙogwaro."